Ƙaramin shaho da tsuntsu mahauci: Yadda mafarauta biyu ke raba gonakin Minjibir

Ƙaramin shaho da tsuntsu mahauci ƙananan mafarauta ne da ke neman abinci a fili ɗaya a ƙasar Hausa, musamman daga ƙarshen kaka zuwa bazara. Fara da gyare da buzuzu da ƙadangare da ɓeran gona su ne cimarsu, kuma kowannensu yana buƙatar wuri mai ɗan tsayi da zai sauka ya hango ƙasa kafin ya kai sura. Wannan kamanni ne ya sa masana tsuntsaye a nahiyoyi da dama suke tambayar ko ɗaya yana tauye wa ɗaya abinci da wurin zama.

A yanki irin Minjibir, inda kusan kowane taku na ƙasa gonar wani ne, amsar tambayar tana hannun manomi. Itatuwan da ya bari a tsakiyar gona da ƙayar da ya bari a kan iyaka su ne ke yanke hukuncin ko tsuntsayen biyu za su zauna kowa da rabonsa, ko kuwa babba zai kori ƙarami. Lamarin ya wuce sha'awar masu kallon tsuntsaye, domin abin da waɗannan mafarauta ke ci shi ne abin da ke cin gero da wake.

Ƙasar Minjibir

Minjibir ƙaramar hukuma ce a arewa maso gabashin birnin Kano, tana maƙwabtaka da Ungogo da Gezawa. Faɗinta murabba'in kilomita 416 ne, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 213,794, wato sama da mutum 500 a kowane murabba'in kilomita. A cikinta madatsar ruwa ta Wasai take, a kan kogin Jakara, kuma cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, tana da gonar gwaji a yankin inda ake aikin inganta irin wake.

Yankin ɓangare ne na ƙasar noma mai cunkoson jama'a da ta kewaye Kano, wadda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya fara nazarinta a shekarun 1960. Ya bayyana yadda ake noma gona kowace shekara ba tare da hutu ba, ana ciyar da ita da takin dabbobi da tokar gari, kuma manomi ba ya sare itacen da yake amfana da shi. Shi ya sa ake ganin ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da kanya a warwatse cikin gonaki. Iyakoki da burtali kuwa ana tsare su da aguwa ko cini-da-zugu ko lalle ko gamba, sannan nan da can ana samun aduwa da magarya da kurna da bagaruwa, dukkansu masu ƙaya.

Ga tsuntsun da ke farauta daga sama, irin wannan ƙasa hawa biyu ce. Akwai hawan sama, wato kawunan manyan itatuwa da falwayoyin lantarki, akwai kuma hawan ƙasa, wato shinge da ƙananan ƙayoyi da tarin kara. Da zarar an kwashe amfani, an sare kara, an ɗora harawa a kan itace, dabbobi sun kiwace abin da ya rage, gona ta koma fili fetal, duk abin da ya motsa a ƙasa ana hango shi daga nesa.

Ƙaramin shaho

Sunan ya haɗa nau'o'i da dama na dangin Falco, waɗanda littattafan Ingilishi ke kira kestrel. Wanda aka fi gani shi ne Falco tinnunculus. Tsawonsa santimita 32 zuwa 39, faɗin fukafukansa idan ya buɗe su santimita 65 zuwa 82, nauyinsa kuma ya kama daga giram 140 zuwa wajen 300, mace ta fi namiji girma. Namijin yana da kai da wutsiya masu launin toka da baya ja mai ɗigon baƙi. Macen kuwa ruwan ƙasa ce mai ratsi-ratsi. Wasu daga cikinsu 'yan gida ne da ke hayayyafa a Afirka ta Yamma, wasu kuma 'yan ci-rani ne da ke ƙetaro Sahara daga Turai da Arewacin Afirka bayan damina, su koma kafin saukar ruwa.

Akwai ƙanensa, Falco naumanni, wanda gaba ɗaya baƙo ne. Shi a garke yake yawo, kuma kusan fara ce kaɗai abincinsa a lokacin da yake yankin Sahel. Akwai mai launin toka, Falco ardosiaceus, ɗan gida da ke son wurin da giginya da ruwa suke. Akwai kuma ja mai doguwar wutsiya, Falco alopex, wanda ya fi zama a wuraren duwatsu.

Abin da aka fi sanin ƙaramin shaho da shi shi ne tsayuwa cik a sararin sama. Yakan fuskanci iska, ya baza wutsiya, yana kaɗa fukafukai, kansa ba ya motsi, har sai ya ga ɓera ko fara ya faɗo a kai da farata. Wannan dabara tana samar da kamu da yawa cikin ɗan lokaci, amma tana cin ƙarfi. Binciken da aka yi a Holan da Birtaniya ya nuna cewa a lokacin sanyi, sa'ad da tsuntsun ke tattalin ƙarfinsa, ya fi komawa ga zama a kan itace ko waya yana jira. Haka ma yake yi idan iska ta kwanta. A irin wannan lokaci ne yake shiga sana'ar mahauci kai-tsaye.

Ƙaramin shaho ba ya gina sheƙa. A kogon itace yake ƙwai, ko a gefen dutse, ko a ramin dogon gini, ko a tsohuwar sheƙar hankaka.

Tsuntsu mahauci

Shi kuma littattafan Ingilishi shrike suke kiransa, masana kimiyya suna kiran danginsa Lanius, kalmar Latin mai ma'anar mahauci. Ya sami sunan ne saboda ɗabi'arsa ta tsire abin da ya kama a jikin ƙaya, kamar yadda mai nama ke jera tsire a tsinke. Wanda ya taɓa ganin fara ko ɗan ƙadangare a soke a ƙayar aduwa, babu kowa a kusa, aikin wannan tsuntsu ya gani. Ya bambanta da suda, wadda danginsu ɗaya can nesa: ita cikin duhuwa take kewayawa, shi kuwa a fili yake zama, a ƙarshen reshe, inda kowa zai gan shi.

Nau'o'i uku ne suka fi shafar ƙasar Kano. Na farko Lanius senator, mai jan ƙeya da baƙin ratsi a ido kamar an zizara masa kwalli, ga farin ciki da farin tabo a kafaɗa. Tsawonsa bai kai santimita 20 ba, nauyinsa kuma wajen giram 30 zuwa 40. Ɗan ci-rani ne daga ƙasashen da ke kewaye da tekun Bahar Rum, kuma idan ya iso yakan kama ɗan yanki shi kaɗai ya riƙa kare shi har lokacin komawa. Na biyu mai launin toka da farin ciki, wanda ya fi yawa can arewa wajen iyakar Nijar, inda ƙaya ta fi yawa. Na uku shi ne mai rawayan baki da doguwar wutsiya, Corvinella corvina, ɗan gida da ke yawo a ayari mai hayaniya. Llewellyn Grimes, wanda ya daɗe yana nazarinsa a Legon ta ƙasar Ghana, ya gano cewa mace ɗaya ce ke ƙwai a ayari, sauran kuma suna taya ta ciyar da 'ya'ya da tsaron yanki.

Dalilin tsire abinci shi ne ƙafafu. Mahauci daga dangin tsuntsaye masu waƙa ya fito, ba shi da faratan da zai danne nama ya yaga, don haka ƙaya ce ke riƙe masa. Tsirewar tana da wasu amfanoni. Ajiya ce ta ranar da kamu ya yi wuya. A hamadar Negev, Reuven Yosef da Berry Pinshow sun nuna a 1989 cewa namijin da ajiyarsa ta fi yawa ya fi saurin samun mace. A jihar Fulorida ta Amurka kuma, Yosef da Douglas Whitman sun ba da rahoto a 1992 cewa mahaucin can yana tsire wata fara mai guba ya bar ta kwana ɗaya ko biyu, sai gubar ta yi sanyi ya dawo ya ci. Sahel ma tana da irin wannan fara mai ɗaukar guba daga abin da take ci, wato wadda ake gani a jikin tumfafiya.

Mahauci yana gina sheƙarsa da kansa, mai siffar ƙoƙo, a cikin rassan itace ko ƙaya mai duhu. Ke nan ƙaya ita ce mahangarsa da rumbunsa da mafakarsa.

Kama ba tare da dangantaka ba

Wanda ya duba bakin tsuntsayen biyu zai ga abu ɗaya: baki mai lanƙwasa, da ɗan tsini kamar haƙori a gefen leɓen sama. Da wannan tsini suke karya wuyan abin da suka kama. Shirwa da mikiya ba su da irinsa, da farata suke kisa. Wani nazari da Diego Sustaita da abokan aikinsa suka wallafa a 2018 ya nuna cewa mahaucin Amurka, bayan ya cafki ɓera a wuya, yana girgiza shi wajen sau 11 a daƙiƙa ɗaya.

Wannan kama ba gado ba ce, sana'a ɗaya ce ta ƙera musu kayan aiki iri ɗaya. Binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a mujallar Science a 2008 ya nuna ma cewa dangin Falco sun fi kusa da aku da tsuntsaye masu waƙa a kan shirwa da mikiya, duk da cewa ido na ganin akasin haka.

Abin da ake nufi da gogayya

A ilimin halittu, ba a cewa nau'i biyu suna gogayya don kawai an gan su suna cin abu ɗaya. Sai abin ya kasance bai wadatar ba, kuma kasancewar ɗaya ta rage wa ɗaya ƙiba ko yawan 'ya'ya ko wurin zama. Masanin Rasha Georgy Gause ya gwada haka a 1934 da ƙananan halittun ruwa a cikin kwalba, ya ga cewa idan nau'i biyu sun dogara ga abinci ɗaya tak a wuri ɗaya, ɗaya yana ƙarar da ɗaya. A 1958 Robert MacArthur ya nuna ɗaya fuskar: ƙananan tsuntsaye nau'i biyar suna cin ƙwari a itace iri ɗaya a Amurka, amma kowanne da sashen itacen da ya fi kiwo a ciki, don haka suka zauna tare.

Ɗan kasuwa ya san wannan ba tare da littafi ba. Rumfuna biyu masu kaya iri ɗaya a layi ɗaya ba sa damun juna ranar da masu saye suka cika kasuwa. Ranar da ciniki ya ja baya ne ake gane wanda zai ɗore, sai fa idan ɗaya na sayar da sari, ɗaya na sayar da ɗai-ɗai.

Gogayyar iri biyu ce. Akwai ta cinyewa, inda wanda ya riga ya kwashe abincin ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Akwai ta kora, inda mai ƙarfi ke hana mara ƙarfi wurin sauka ko ya ƙwace masa kamu. A ta biyun, rinjaye a bayyane yake, tun da ƙaramin shaho ya ninka mahauci mai jan ƙeya nauyi sau biyar ko fiye, kuma shi kansa yana cin ƙananan tsuntsaye idan ya samu.

Lokacin da abinci ke ƙaranci

Da damina babu abin faɗa. Ciyawa ta rufe ƙasa, ƙwari sun yi yawa, 'yan ci-rani kuma suna Turai. Matsin yana farawa ne daga Oktoba. Reginald Moreau, a littafinsa na 1972 kan ƙaurar tsuntsaye tsakanin Turai da Asiya da Afirka, ya yi mamakin yadda ɗimbin baƙi ke sauka a Sahel daidai lokacin da ruwa ya ɗauke, su zauna watannin da ƙasa ke ƙara bushewa kullum, sannan su tara kitsen ƙetare Sahara a watan Maris da Afrilu, lokacin da abinci ya fi wuya.

Rayuwar fara ce ke tsara wannan lokaci. Farar da ta fi ɓarnar gero a Sahel, Oedaleus senegalensis, tana zuba ƙwai a ƙasa a ƙarshen damina, manyan su mutu, ƙwan ya kwana cikin ƙasa har ruwan baɗi. Wasu nau'o'in kuma, irin babbar farar nan Ornithacris cavroisi, da girmansu suke cin rani, suna laɓe a ciyawa da ƙananan itatuwa har damina ta zo su hayayyafa. Waɗannan masu cin rani su ne abincin da ƙaramin shaho da mahauci ke haɗuwa a kansa daga hunturu zuwa bazara, kuma yawansu raguwa yake yi wata bayan wata, tun da babu sabon ƙyanƙyasa.

A Minjibir, wuraren da ɗanyen ganye ke saura da rani su ne fadamu da lambunan da ke gefen Jakara da madatsar Wasai. Irin waɗannan wurare suna tara ƙwari da ɓeraye, su kuma su tara masu cin su.

Abin da ya raba su

Duk da wannan haɗuwa, abubuwa da dama suna hana su cin karo. Na farko tsayi. Ƙaramin shaho ya fi son kan falwaya ko busasshen reshen ƙololuwar itace, inda zai mamaye fili mai faɗi da ido. Mahauci ƙasa-ƙasa yake zama, mita kaɗan daga ƙasa, ya diro kan abin da ke kusa ya koma reshensa.

Na biyu faɗin yanki. Ƙaramin shaho yana iya barin itace ya je tsakiyar filin da babu ko kara ya tsaya a iska, kuma yana bin wutar daji da garken fara zuwa nesa. Mahauci ba ya nisa da ƙayarsa.

Na uku girman kamu. Sun yi tarayya a fara da ƙadangare matsakaita, amma ɓera babba na shaho ne, ƙananan ƙwari da tsutsa kuma sun fi zama na mahauci. Na huɗu sheƙa: mai neman kogo da mai gini cikin ƙaya ba su da abin jayayya, baƙin cikinsu kuma ba sa ma hayayyafa a nan.

Saboda haka gonar da ke da manyan itatuwa a tsakiya da ƙaya a gefe ta riga ta raba musu kasuwa. Idan shaho ya gifta, mahauci ya faɗa cikin magarya, bayan ya wuce ya fito ya ci gaba da aikinsa. Ayarin masu rawayan baki kuwa sukan taru su yi wa mafarauci ihu har ya bar wurin.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

An gwada wannan batu a fili a kudancin jihar Texas ta Amurka, a wani bincike da aka wallafa a 2003. Masu binciken sun kafa sanduna a filin ciyawa domin tsuntsaye su sauka a lokacin sanyi. Ƙaramin shahon Amurka ya rungumi sandunan, mahaucin can kuwa ya fi zama inda akwai itatuwa masu rassa da duhuwa, kuma kasancewar shaho a wuri ta shafi yadda mahauci ke amfani da shi. Darasin shi ne sanda tsirara ta wadatar da babba, ƙarami kuwa sai da mafaka.

Sai dai ƙidayar tsuntsaye da ake yi kowace shekara a Amurka ta Arewa tun 1966 ta nuna cewa dukkansu biyu raguwa suke yi: mahauci ya ragu da wajen kashi uku cikin huɗu, ƙaramin shaho da wajen rabi. Da a ce ɗaya ne ke cinye ɗaya, da an ga mai nasara yana ƙaruwa. Raguwarsu tare tana nuni ga abin da ya same su tare, wato sauyin yadda ake noma, ɓacewar shinge da filin kiwo, da ƙarancin manyan ƙwari.

Senegal kuma ta nuna abin da yalwa ke yi. A watan Janairun 2007 masu bincike sun gano wani makwanci a tsibirin Kousmar, kusa da Kaolack, inda ƙananan shahuna nau'in Falco naumanni sama da 28,000 ke kwana tare da wata ƙaramar shirwa mai wutsiya kamar almakashi wajen 16,000. Dukkansu fara suke ci, kuma yawan farar yankin ya ɗauke su.

Abin da ke matse su wuri ɗaya

A ƙasar Kano, abu na farko shi ne raguwar ƙaya. Gona tana ƙara tsukewa da rabon gado, shinge mai rai yana cin wuri, ana kuma saran aduwa da bagaruwa domin itacen girki da ƙotar fartanya. Inda gari ke matsowa, bulo da waya ne ke maye gurbin aguwa. A lokaci guda falwayoyi da wayoyin lantarki suna ƙaruwa a bakin hanyoyi. Hawan sama yana ƙaruwa ke nan, hawan ƙasa yana raguwa, kuma gwajin Texas ya nuna wanda irin wannan sauyi ke yi wa daɗi.

Na biyu irin itacen da ake dasawa. Leo Zwarts da abokan aikinsa daga Holan, waɗanda suka ƙirga tsuntsaye itace bayan itace a faɗin Sahel, sun ba da rahoto a 2015 cewa tsuntsaye masu cin ƙwari sun fi taruwa a itatuwa masu ƙaya irin gawo da aduwa, darbejiya kuwa kaɗan take ɗauka. Darbejiya tana da inuwa da saurin girma, amma ba ta da ƙayar tsire, kuma ƙwari ba su cika zama a jikinta ba. Gawo yana da wata falala ta daban: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, daidai lokacin da baƙi ke nan.

Na uku maganin feshi. Wim Mullié da James Keith sun wallafa a 1993 sakamakon gwajin feshin maganin fara ta jirgin sama a arewacin Senegal, inda yawan tsuntsaye ya ragu a filayen da aka fesa, wasu saboda guba, wasu saboda abincinsu ya ƙare. Mafarauci da ke tsintar farar da magani ya kayar yana haɗiyar gubar tare da ita. Maganin da ake fesa wa jan-baki a makwancinsu shi ma yana kashe tsuntsayen da suka ci gawarsu.

Na huɗu ɗan Adam da kansa. Soyayyar fara sana'a ce a kasuwannin Kano da Maiduguri da garuruwan Nijar, kuma manyan farar da ake kamawa da dare lokacin sanyi su ne waɗanda tsuntsayen ke nema da rana.

Waɗannan matsaloli ba na Kano kaɗai ba ne. Jean-Marc Thiollay ya ƙirga tsuntsaye masu farauta a kan hanyoyin Burkina Faso da Mali da Nijar tsakanin 1969 da 1973, ya maimaita bayan shekara 30, ya tarar manyansu sun yi mummunar raguwa a wajen gandayen da ake karewa. Wani nazari na 2024 da ya duba nau'i 42 a sassan Afirka ya gano cewa kusan kashi 90 cikin 100 nasu sun ragu.

Ribar manomi da ɗan kasuwa

Kowace fara da aka ci da rani fara ce da ba za ta yi ƙwai da damina ba. Tsuntsaye ba sa iya tsayar da annobar fara idan ta riga ta taso, amma suna rage irin da annobar ke tashi daga gare shi. Kuma aikin nasu ya dace da juna: shaho yana tsaron tsakiyar fili, mahauci yana tsaron iyaka da gindin shinge, inda fara da ɓera ke ɓuya. Gonar da ta rasa ɗaya ta rasa rabin masu gadinta.

An taɓa auna darajar irin wannan aiki da kuɗi. A jihar Michigan ta Amurka, wani bincike na 2018 ya nuna cewa akwatunan sheƙa da aka kafa wa ƙaramin shaho a gonakin 'ya'yan itace sun rage tsuntsaye masu ɓarna, har kowace dala ɗaya da aka kashe ta ceci amfanin dala 84 zuwa 357. Amfanin gonar can daban ne da na Kano, amma lissafin ɗaya ne: abin da tsuntsu ya yi kyauta, da kuɗin magani manomi zai yi shi, kuɗin kuma yana biyo buhu har Kasuwar Dawanau.

Akwai hanyoyin da aka riga aka gwada a maƙwabta. A yankin Maraɗi, tun 1983 Tony Rinaudo da manoma suka fara abin da ake kira sassaben zamani, wato barin tohon kututture ya girma a gona ana yi masa aski maimakon a ƙone shi. An ƙiyasta cewa dabarar ta dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a hekta miliyan biyar a kudancin Nijar, gawo na cikin waɗanda suka fi yawa. A fannin magani kuma, shirin LUBILOSA, wanda IITA ke cikin waɗanda suka gudanar da shi daga 1989, ya samar da Green Muscle, maganin fara da aka yi da wani nau'in naman gwari mai kama fara ya bar tsuntsaye, kuma an gwada shi a filayen Nijar.

Yadda ake bibiyar lamarin

Tarihin rubuta tsuntsayen Kano ya daɗe. R. E. Sharland da Roger Wilkinson sun wallafa jerin tsuntsayen Jihar Kano a mujallar Malimbus a 1981, lokacin da jihar ta haɗa da Jigawa ta yau. A yanzu cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, APLORI, da ke Laminga kusa da Jos, tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya da aka fara a ƙarshen 2015, inda aka raba ƙasar gida-gida, kowane gida wajen kilomita tara a tsaye da kwance, masu sa kai suna rubuta abin da suka gani a wayar hannu.

Masana na gane gogayya ta hanyoyi sanannu. Suna tattara dunƙulen gashi da ƙashi da ƙafafun fara da tsuntsayen biyu ke amayarwa a ƙarƙashin masaukinsu, su kwatanta abin da kowanne ya ci. Suna auna tsayin wurin da kowanne ke sauka, da yadda mahauci ke sauya wuri idan shaho ya iso. Suna kuma kwatanta gonaki masu shinge da marasa shinge a watanni ɗaya.

Mai gona a Kunya ko Wasai, ko ma'aikacin da ke da gona a ƙauye yana zuwa ƙarshen mako, yana iya yin nasa gwajin tsakanin Disamba da Maris. Ya duba ƙayar aduwa ko magaryar da ke kan iyakarsa: idan ya ga fara a tsire, mahauci na nan. Ya duba falwaya ko kan gawo da hantsi: idan ya ga tsuntsu ja ya tashi ya tsaya cik a iska, shaho na nan. Gonar da aka ga alamun biyu a cikinta tana da itace babba da ƙaya ƙarama, kuma su ne abin da ya kamata a tsallake idan lokacin sharar gona ya zo.